Jinin Gidan Mala

Tsakanin Dawakin Tofa da Bagwai, inda gonaki suke manne da juna har ba ka gane iyakar wani sai ka ga layin gamba ko itacen kuka, kowa ya san Ya Falta ta Unguwar Barebari. Ba ta duba, ba ta karɓar haihuwa, ba ta sayar da magani. Aikinta binciken asali. In yaro ya ga yarinya, ko an zo neman 'yar wani, kafin manya su ce uffan sai a aika mata da goro da sunan gidan da ake so a haɗa iri da shi. Ta ce a ba ta mako biyu. Sai ta yafa mayafi, ta ɗauki ƙwaryar daddawa kamar mai talla, ta shiga garin ta zauna da tsofaffi, ana hira ana dariya, tana ta tatsarsu ba su sani ba. Ranar da ta dawo za ka ji komai. Gidan nan kakar uwarsu farfaɗiya ce ta jefa ta a rijiya. Wancan akwai kawun da aka taɓa ɗaurewa a turu. Na ƙarshen layi kuwa, a dai rufa musu asiri, amma akwai kuturta can baya.

Ba ta ƙari ba ta ragi, wannan ko wanda ba ya ƙaunarta zai sheda. Sai dai fa auren da bakinta ya kashe cikin shekara arba'in, da a ce an ɗaura su an hayayyafa, da yanzu sun isa a naɗa musu mai unguwa.

Nata gidan kuwa ai ba a magana. Kakanninsu daga Barno suka zo da jakunan kanwa, suka sami ƙasa suka zauna. Yaren ya daɗe da tafiya, saura gaisuwa da zagi guda biyu, amma alfaharin yana nan daram. Marigayi mijinta Mala ɗan baffanta ne, saboda haka in ta ce "gidan Mala" har da kanta take nufi. Takan ce an tace jininsu kamar gasarar koko, ko dusa babu.

Shi ya sa ranar da autanta Ziyad ya ce shi Aina'u yake so, 'yar Khamisu mahauci ta Bagwai, sai da Ya Falta ta kwana biyu ba ta taɓa tuwo ba. Mahauta! Ta ɗauki ƙwaryar daddawarta ta tafi da kanta, kuma wannan karon wata guda cur ta yi. Ta tono kakanni uku ta wajen uba, uku ta wajen uwa. Abin haushi, duk lafiyayyu, masu tsawon rai, har da wanda aka ce ya shekara ɗari yana tauna guringuntsi. Abu ɗaya tak ta samo: wata kakar kakar Aina'u da ba wanda ya san garinsu, wasu su ce daga kudu ta zo, wasu su ce daga Damagaram. Wannan bai isa hana aure ba, aka ɗaura. Amma Ya Falta ta ƙulle matar nan a gefen zuciyarta ta ajiye.

Haihuwar fari namiji ne, aka mayar da sunan Mala. Yana da shekara ɗaya da rabi aka lura idonsa na dama yana wani fari-fari in haske ya doke shi, irin na mage. Aka sa kwalli, aka yi tofi, aka ɗiga maganin kemis. Kafin a yarda a tafi Kano abin ya turo waje. Likitoci suka ce ciwon daji ne na ido, kuma an makara. Yaron bai cika shekara uku ba.

Sai aka haifi Muhsina. Ita ce ta dawo wa da Ya Falta dariya. Tun tana rarrafe ta mayar da ɗakin kakarta nata, ta zubar mata da goro, ta tsinka mata carbi, tsohuwar na cewa, "Ƙawata, ke za ki kashe ni," tana ƙara jawo ta jiki. Tana wata goma Aina'u ta ga farin nan a idonta na hagu. Ba ta jira shawarar kowa ba. Hijabi a karkace ta sa, ta fita titi ta tari mota. Aka cire idon, aka ceci ɗayan, aka ceci ran. Likitan ya kira iyayen ya ce musu in irin wannan ya kama 'ya'ya biyu uwa ɗaya uba ɗaya, to akwai gado a ciki.

Gado! Kalmar nan ta riga majinyatan isowa Unguwar Barebari.

Ranar da aka sallamo su, tsakar gida cike take da mata 'yan dubiya. Muhsina na cinyar uwarta da bandeji a rabin fuska. Wata ta ce, "Allah ya ƙara sauƙi, amma gado kamar yaya?" Duk ido ya koma kan Ya Falta, don in ana maganar gado a yankin nan ita ce alƙali. Da ta yi shiru da ba wanda zai ce ta yi laifi. Ina! Shekara arba'in ba ta taɓa barin irin tambayar nan ta faɗi ƙasa ba.

"Mu dai gidan Mala ko hakiya ba mu sani ba," in ji ta. "Ku tambayi Bagwai. Akwai wata tsohuwa can da har yau ba a san ƙasar da ta fito ba."

Aina'u ta miƙe. Ta goya 'yarta, ta ɗauki ledar magunguna, ta ratsa matan ta fita. Ko bokiti ba ta ɗauka ba.

Sau uku Ziyad yana zuwa biko. Khamisu yakan karɓe shi a soro da mutunci, har da ƙunshin nama na tsaraba, ya ce shi bai riƙe ta ba. Amma Aina'u ta aiko da magana guda: bakin da ya faɗa a gaban mata shi zai zo ya janye a gaban mata. Ziyad ya dawo ya tsuguna gaban uwarsa ya faɗa mata, yana zane da tsinke a ƙasa. Ta ce ita ba ta taɓa janye magana ba, domin ba ta taɓa faɗin ƙarya ba.

Gaskiyar lamari, kewar yarinyar nan na cin Ya Falta. Gidan ya yi mata faɗi. Takan dama fura ta zuba a ƙaramin kofi, sai ta tuna, ta juye a nata ta kasa sha. Tana son Muhsina ta dawo fiye da komai a duniya, amma tana so ta dawo ba tare da ita ta haɗiye kalma ko ɗaya ba. Yadda za ta haɗa biyun nan shi ne ya hana ta sukuni.

Ana nan sai ga Ridwan ɗan ƙaninta ya zo gaisuwa ranar wata Asabar, da ledar lemo. Shi ne wanda ya yi makarantar kimiyya ta Dawakin Tofa, ya wuce jami'a, yanzu yana koyarwa yana zaune a Rijiyar Zaki. Ya Falta ba ta taɓa gane aikinsa ba, ta dai san ba likita ba ne, tunda bai iya allura ba.

"Kai ɗan boko," ta ce masa, "na ji a rediyo akwai gwajin jinin da ke nuna uban yaro. Akwai wanda ke nuna gidan da cuta ta fito?"

"Akwai, Gwaggo." Ya ce su da likitocin ido suna wani nazari a kan yara masu irin ciwon Muhsina. Ana ɗibar jinin yaro da na iyaye a aika waje a duba, in dai iyayen sun yarda.

Kafin ya rufe baki ta naɗe hannun riga. "Fara da ni."

"Gwaggo, ba a nan ake ɗiba ba. Kuma ki sani, sakamakon ba lallai ya zo yadda mutum yake..."

"Ni za ka koya wa bincike? Ana yi wa ubanka kaciya ina bincike."

Haka aka yi, aka kai ta aka ɗibi nata. Ziyad ya ba da nasa. Aina'u ta aiko ta ce in tulu guda ake so a zo a ɗiba. Ya Falta kuwa ta gama shirinta tsaf. In takarda ta zo, za ta ninke ta ta sa a lalita, ta tafi Bagwai, ba za ta ci mutuncin kowa ba. Za ta nuna musu, ta ce ba komai, ƙaddara ce, a taso a tafi gida. A ganinta babu karamcin da ya wuce wannan. Tun daga shuka har gero ya fitar da kai, babu gidan suna ko na biki da ba ta sanar ba cewa takarda na nan tafe daga Turai.

Takardar ta iso bayan an yi girbi. Likita ya fara kiran Ziyad da Aina'u ya yi musu bayani. Ziyad ya dawo gida ya kasa haɗa ido da uwarsa, ya ce Ridwan zai zo ya faɗa mata, shi yana da roron wake. Da hantsi Ridwan ya same ta a gindin rumbu, ta baje zangarniyar gero tana ware na iri. Mai cikakken kai ta jefa dama, mai ɓurtuntuna ko wanda tsutsa ta taɓa ta jefa hagu. Ya gaishe ta ya jawo turmi ya kifa ya zauna.

"Faɗi," ta ce, ba ta ɗago ba. "Kar ka ja mini rai."

"Sai na fara daga farko, Gwaggo, in ba haka ba ba za ki yarda ba. Jikin mutum ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani. Kowace tana ɗauke da rubutun yadda aka gina mutumin, shi muke kira DNA. Rubutun nan babi-babi ne, kowane babi da aikinsa. Akwai wanda aikinsa kawai ya tsawata wa ƙwaya, ya ce hayayyafar ta isa haka. Kowa na da biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Muhsina an haife ta da ɗaya a lalace. Da na biyun ya lalace a cikin idonta, sai babu mai tsawatarwa. Shi ne dajin."

"Yauwa. Lalataccen kuma na uwa ne."

"Na Aina'u lafiya lau. An duba an sake dubawa."

Hannun Ya Falta ya tsaya a kan zangarniya. "Ta wajen uba kenan."

"Ta wajen Ziyad ya zo."

"Nawa jinin fa?"

"Naki ma lafiya lau."

Ta ajiye numfashi, sai kuma ta murtuke. "Ridwan, in ka zo ka ɗora wa mamaci ne don ba shi da baki, tashi ka fita. Mala bai taɓa ko ciwon ido na damina ba."

"Ba Baba Mala ba ne, Allah ya jiƙansa. Ba kuma auren zumuncinku ba ne. Da daga ɗayanku Ziyad ya gada, da duk ƙwayoyin jikinsa sun ɗauka. Amma a jininsa, cikin goma ɗaya ce ke da shi. Sauran tara garau."

"To ba uwa, ba uba, ba mahauta. Aljani ne ya sa masa?"

Ridwan ya yi murmushi, ya ga ba ta yi ba, ya mayar da nasa. Ya dubi zanen da ke jikinta, wani tsohon atamfa da ya koɗe.

"Gwaggo, zanenki ina ne yake fara yagewa?"

"Wannan wace irin tambaya ce? Wurin ɗauri mana."

"Don yadin ba shi da kyau?"

"Don nan ne hannu ke zuwa kullum."

"To haka babin nan yake. In ƙwaya za ta yi aiki da shi sai ta buɗe shi daga baki ta karanta. Babin da aka fi aiki da shi, shi aka fi buɗewa, kuma bakin nan shi ya fi saurin samun rauni. Jiki na ɗinkewa, kullum yana ɗinkewa, amma wani lokaci sai ya ɗinke harafi ɗaya ba daidai ba. Haka yake faruwa a ƙwayoyin da ke zama daji, haka yake faruwa a waɗanda ake haihuwa da su. An fi yin kuskuren lokacin da ake sauri, kuma babu saurin da ya kai na kwanakin farkon shigar ciki. A lokacin Ziyad ƙwayoyi ne 'yan kaɗan, duk taronsu bai kai ƙwayar geron nan ba. Ɗaya daga cikinsu aka yi wa ɗinkin kuskure. Ta hayayyafa, wasu 'ya'yanta suka tafi jini, wasu suka tafi inda ake samar da irin haihuwa. Shi bai ji komai ba, ga shi can yana roron wake. 'Ya'yansa ne suka karɓa."

Kaza ta zo ta fara tsattsagar geron iri, Ya Falta ba ta kore ta ba.

"Kwanakin farko," ta ce. "A ina kenan?"

Ridwan ya sunkuyar da kai. "A cikinki, Gwaggo."

"Innalillahi." Ta dafa mararta da hannu biyu, tsohon cikin da ya shekara talatin da biyu rabonsa da ɗaukar kowa. "Me na ci? Shekarar ce aka yi fari, muka ci rogon da bai jiƙu ba. Ko dakan da na yi? Ni kaɗai nake dakan gidan nan a lokacin."

"Ba rogo ba ne, ba daka ba ne. Lokacin ko batan wata ba ki yi ba."

"To laifin wa?"

"Ba na kowa ba ne."

"Ridwan." Ta dube shi kamar ya yi saɓo. "Shekara arba'in ana aike na. Ban taɓa dawowa na ce wa mutane ba na kowa ba ne."

"Kowane jariri, Gwaggo, ana haifarsa da irin waɗannan canje-canje sababbi, sittin ko saba'in, waɗanda babu su a uwarsa babu su a ubansa. Yawancinsu sukan faɗa inda ba su cutar da komai. Na Ziyad ya faɗa a mugun wuri, shi ke nan."

"Kowane jariri?"

"Kowane."

"Har na gidan Mala?"

"Har ni, har ke."

Ya ƙara da cewa duk ɗan da Ziyad zai sake haifa a kai shi a duba idonsa tun yana jinjiri, in an kama da wuri ana ceton idon. Wannan ta ji shi, ta riƙe. Sauran kuwa yawo yake mata a ka. Ta tuna Raudatu 'yar gidan maƙera da ta hana a aura saboda farfaɗiyar kakarta, wadda daga baya ta auri wani direba ta haifi tara duk ƙattai. Ta dubi geron da ta ware, tulin dama da tulin hagu, ta ji haushin duka biyun.

Amma Ya Falta ba a banza ta tsufa ba. Kafin la'asar ta gano cewa takardar nan ba ta kayar da ita duka ba. An wanke Mala, an wanke ta, an wanke mahauta. In ta je Bagwai ta ce ashe ba na kowa ba ne, ai ta janye magana ba tare da ta durƙusa ba. Sai ta ce bari ta fara gwada maganar a bakin katanga, wurin maƙwabciyarta Halimatussa'adiya, wadda in ta ji abu da safe kafin azahar an ji shi a Dawanau.

"Takarda ta zo," ta ce mata. "An ce ba daga gidan kowa ba ne. Haka kawai ya faru."

Halimatussa'adiya ta taɓe baki, ta matso, ta rage murya. "Wato dai an rufa wa mahautan asiri. Ai kin kyauta, Ya Falta. Mu ai mun gane. Cuta kuma ta rasa gida? Ke kika ce mana babu cutar da ba ta da kaka."

Ita ta ce kuwa. Ta faɗa a gidan suna, ta faɗa a gidan makoki, ta faɗa har yara sun haddace. Nan Ya Falta ta ga ramin da ta haƙa. A garin da ta raina da bakinta, in ka ce ba na kowa ba ne, to na Aina'u ne. Mutanen nan sai an ba su suna, kuma suna ɗaya ne ya rage a hannunta.

Kwana uku ta yi tana juya abin. A na huɗu ta yi wanka, ta ɗauko mayafin da take zuwa Idi da shi, ta aika aka kira Halimatussa'adiya da wasu mata biyu cikin waɗanda suke zaune ranar da ta yi maganar. Manyan masu baki ta zaɓa da gangan, don so take abin ya bazu. Suka cika adaidaita sahu ɗaya, Ziyad na bin su a baya da babur.  Duk hanya Ya Falta tana kallon masu kwasar kara da jakunan taki, tana jin kunya irin wadda rabonta da ita tun tana amarya.

Khamisu na soro yana wasa wuƙa. Da ya ga wadda ta sauko sai ya ajiye wuƙar a bayansa, ya miƙe ya cire hula ya mayar, ya rasa irin gaisuwar da zai yi. Aka shiga da su ciki. Jumma, uwar Aina'u, ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa, fuskarta ba yabo ba fallasa. Matan gidan da na maƙwabta suka fara leƙowa ɗaya-ɗaya, kowa da abin da ta zo aro.

Aina'u ta fito ta durƙusa ta ce, "Sannu da zuwa, Inna." A bayanta ga Muhsina, tana tafiya da ƙafarta. Tana tafiya! Ya Falta ba ta ga ranar da ta fara ba. An sa mata idon roba a gurbin na hagu, yana kallon waje ɗaya, na daman yana ta yawo a kan baƙi. Ya Falta ta miƙa hannu ta ce, "Ƙawata." Yarinyar ta ɓuya a bayan zanen uwarta. Wata shida ba wasa ba ne ga mai shekara ɗaya da 'yan watanni.

Ya Falta ta ƙi ruwan. Ta gyara zama, ta ɗaga murya yadda na bakin ƙofa za su ji.

"Na yi magana a gaban mata, na zo na janye ta a gaban mata. Ciwon yaran nan ba daga gidan nan ba ne. An duba jinin Aina'u, tas yake. Tsohuwar da na ambata, Allah ya jiƙanta, ta yafe mini a inda take." Ta dafa cikinta. "Daga cikina ne. A cikina abin ya samu Ziyad, shi ya ba 'ya'yansa. Duk wanda ya tambaye ku ku ce ni Falta na faɗa, gado ne, kuma daga ɗakina ya fito."

Aka ɗau salati. Halimatussa'adiya ta dafe ƙirji, idonta na ƙyalli, da gani har ta fara jera gidajen da za ta shiga. Jumma ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Haba Yaya, ai ya wuce, ya wuce." Ya Falta ta ji wani nauyi ya sauka daga wuyanta. Ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, kuma ƙasa ba ta tsage ba. Har ta fara jin daɗin kanta kaɗan.

Aina'u ce kaɗai ba ta yi salati ba. Tana durƙushe tana kallon tabarma.

"Inna, na gode," ta ce. "Zan koma, yau ma. Amma likita ya yi mana bayani, ba laifinki ba ne. Ni cewa na yi ki janye, ban ce ki ɗauke daga kaina ki ɗora wa kanki ba."

"In ban ɗora wa kaina ba, ke za su bar wa. Na san mutanena."

"Ni da ke mun riga mun yi aurenmu, Inna." Ta jawo Muhsina daga bayanta, ta ɗaga ta ta ɗora a cinyar tsohuwar. Yarinyar ta ɓata fuska, sai kuma ta ga carbi ta kama. "Ko a ce Bagwai, ko a ce gidan Mala, duk a jikin wannan suka haɗu. Nan da shekara ashirin wani zai ce yana sonta. Iyayensa za su aika wa wata irinki da goro. In ta zo ta zauna da tsofaffi, ta koma, me za ta ce musu?"

Ta miƙe ta shiga ɗaki haɗa kaya, ba ta jira amsa ba.

Ya Falta ta san amsar. Babu wanda ya fi ta saninta, har da yadda ake rage murya wurin faɗinta, da yadda ake cewa yarinyar dai ba ta da laifi, amma ku nemi wani gidan. Muhsina na zaune a cinyarta, da ɗuminta da nauyinta, tana jan carbin da ƙarfi. Abin da ta zo nema ta samu. Ta rungume ta, ta ɗaga kai ta dubi matan nan uku da ta kwaso da kanta don su zama shaida. Sun ji komai, gado da ɗaki da sunan yarinya, kuma ba masu mantuwa ba ne. Ita ta koya musu.